Akwatin Ɗan Inna

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina. Malama Hajjo ta idar da sallar asuba ta fito tsakar gida, ta tarar ɗanta ya riga ta tashi. Yana tsugune bakin famfo yana goge takalman da ya sayo a gwanjo.

"Malama, ina kwana."

"Lahiya," ta ce, ta wuce madafa.

Iyakar gaisuwarsu ke nan tun yana yaro. Lawwali ɗan farinta ne. A gidan da aka haife ta, da gidan da aka kai ta aure, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Digirinta na kimiyyar sinadarai bai taɓa wannan kunya ba, haka shekarun da ta kwashe tana koyarwa a makarantar 'yan mata a Gusau. Da aka yaye shi aka kai shi 'Yankuzo wurin kakarsa ta wajen uba, Inna Mairo, can ya zauna har ya gama firamare. Ya dawo Gusau ya ji ɗalibai suna ce wa uwarsa Malama, shi ma ya ɗauka. Ita kuma in maganarsa ta kama, ɗan Inna take cewa.

Wajen ƙarfe bakwai Ihsan, autarta, ta kai masa koko da ƙosai.

"Yaya, sha da kyau. Can Holan ba mai dama maka."

"Zan koya wa Turawa."

"Kai da ko shayi sai ka ƙona?"

"Shayi ake ƙonawa? Allah ya sa ba a ajin Malama kika koyo wannan ba."

Hajjo tana jin su daga madafa, ba ta sa baki ba. Ta ƙara ƙosai a faranti ta ce, "Ihsan, zo ki kai can."

Saura mako guda ya tashi zuwa ƙasar Holan karatun digiri na biyu, a kan tallafin da wata gidauniya ta ba shi.

Da hantsi ya shiga mota zuwa Bunguɗu, don ya miƙa makullin ɗakin gwaje-gwaje na sakandaren da yake koyarwa. Ita kuma ta fito da turmi. Ta daka yaji, ta tankaɗe kuka, ta daka busasshiyar kuɓewa. Ihsan ta ce in aka ji warin daddawa a jirgi sai an sauke shi a hanya. Hajjo ta ƙara mata leda a kan leda. Tana dakan tana juya wata magana da ta yanke wa kanta tun ranar da biza ta fito: ranar tafiya, a tasha, idan ya sa ƙafa cikin mota, za ta kira sunansa sau ɗaya. Lawwali, Allah ya tsare. Ta sha gwadawa a zuci, ba ta taɓa barin leɓenta ya motsa ba.

Bayan azahar ya dawo da abokinsa Bashir, suna jan baƙin akwati mai taya, da wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya. Bashir ya matsa sai Lawwali ya gwada ta. Ya saka ta a tsakar gida, gumi na tsiyaya.

"Wallahi kamar buhun gero ya yi ƙafa," in ji Bashir.

"Hassada ce. Ka jira taka baɗi."

"Ni da aka ajiye a benci? Ɗan benci ba ya sayen riga."

Tare suka nemi gurbin. Lawwali ne ma ya gyara masa takardunsa. Gidauniyar ta ɗauki Lawwali, ta ce wa Bashir ya jira, ko wani zai fasa.

Da la'asar ya kawo akwatin ƙofar ɗakinta, da ƙaramin gwangwanin farin fenti da buroshi. Ya yi magana yana kallon Ihsan.

"An ce a filin jirgi akwatuna duk baƙaƙe ne. Kuma rubutun Malama ya fi na kowa kyau."

Ta zauna a kan tabarma ta rubuta da hannun allo, manya-manya: LAWWALI ABDURRASHID, GUSAU. Rubutu ba kira ba ne, al'ada ba ta hana shi ba. Aka jingine akwatin a zaure ya bushe.

Bayan magariba suna tsakar gida, ya ce wa Ihsan, yadda uwarsa za ta ji, "Na so in leƙa 'Yankuzo, amma an ce hanyar ba daɗi kwanan nan. Zan kira Inna a waya."

Hajjo tana tsintar wake. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ihsan, ki ce masa ba a sallamar wadda ta goya mutum ta waya."

Ihsan ta dube shi. Ya yi murmushi ya ce, "Na ji. Gobe da sassafe, in dawo kafin la'asar."

Ƙasar noma ce ta kai shi neman karatu waje. Yana sakandare gubar dalma ta yi ta kashe yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya, abin bai bar ransa ba. Ya karanta kimiyyar ƙasar noma a jami'a. Mahaifinsa ya rasu yana shekarar ƙarshe. Ya yi bautar ƙasa, ya samu koyarwa a Bunguɗu, yana kwana can ranakun aiki. Abin da yake so ya koya, yadda ake tsarkake ƙasa da ruwan da guba ta shiga, yana buƙatar na'urorin da bai taɓa gani ba sai a hoto, kuɗin makarantar kuwa ko an sayar da gidan bai kai ba. Sai tallafi.

Shekara biyar yana nema. Da farko takardar sakamakonsa ce ta ƙi fitowa sai da aka rufe karɓa. Ya sayar da babur ɗinsa ya je Abuja ya rubuta jarrabawar Ingilishi, ya ci, wa'adinta ya ƙare bai samu gurbi ba, ya sake rubutawa. Shekarar da aka katse layukan waya a Zamfara, ya rungumi kwamfutarsa ya tafi har Zariya, ya zauna a shagon wani mai buga takardu ya tura, ya juyo. Saƙonnin ban haƙuri kuwa, da muryar Bature yake karanta wa Ihsan su, yana toshe hanci, har sai ta yi dariya. Ranar Asabar samari sukan taru a zaure ya duba musu nasu kyauta. Ba shi da haƙuri da mai kwafe. Ya taɓa korar ɗan maƙwabci yana kuka don ya kwaso bayanin wani daga intanet, uwar yaron ta yi wata ba ta gaishe da Hajjo ba.

Bayanin da ake rubutawa na dalilin neman karatu, shi ne hirarsa mafi tsawo da uwarsa. Zai ajiye shi a kan teburinta ba tare da ya ce komai ba. Ta bi shi da jan biro, ta ajiye masa a kan firji. Wani lokaci ya karɓi gyaran, wani lokaci ya mayar da jimlarsa yadda take, ta sake soke ta. Akwai jimlar da suka yi shekara biyu suna ja a kanta, ba wanda ya buɗe baki.

Da saƙon nasara ya zo, Alhaji Umaru ya fi kowa murna. Ƙanin mahaifinsa ne, mai sayar da hatsi a kasuwar Gusau, shi ke tsaye a kan gidan tun rasuwar wansa. Ya tambayi Lawwali nawa ne gaba ɗaya, kuɗin makaranta da masauki da jirgi da asibiti. Lawwali ya haɗa masa da kuɗin can. Umaru ya sa aka juya masa zuwa naira a waya, ya riƙe baki. Ranar walimar da aka shirya don murna ya karɓi lasifika bayan addu'a ya ce Turawa sun ba ɗansu miliyan kaza, ya maimaita adadin don na baya su ji.

Kuɗin ba su taɓa zuwa Gusau ba, ba kuma za su zo ba. Makaranta gidauniyar take biya kai tsaye, ɗan abin kashewa kuma sai ya isa can ya buɗe asusu. Hajjo ta san haka. Tana cikin mata ta ji lasifikar, ta yi shiru, don uwa ba ta sa baki a yabon ɗan fari, ko da don ta rage shi ne. Maganar ta riga shi isa Tsafe, garin da ake bi a je 'Yankuzo.

Ranar Alhamis ya isa 'Yankuzo lafiya. Inna Mairo ta riƙe hannunsa tana cewa, "Mai gidana, za ka tahi ka auro Baturiya ka bar ni da wa?" Ya ce ita ce uwargida ko'ina ya je. Ta ƙulla masa gyaɗa da kwalbar zuma, ta tofa masa addu'a a ka. Ya hau babur na kabu-kabu zuwa Tsafe rana na tsaka. Inda dawa ta yi tsawo ta rufe gefen hanya, 'yan bindiga suka fito. Ba su taɓa babur ɗin ba, ba su taɓa mai shi ba, Lawwali kaɗai suka tafi da shi. Mai babur ɗin ne ya kawo labari. Ya ce abin da suka fara tambaya shi ne, "Kai ne mai kuɗin Turawa?"

Duk wanda ke Zamfara ya koyi yadda ake wannan ciniki, ko bai taɓa yi ba. Mutum ɗaya ke magana. Ba a kuka a waya. Ba a nuna cewa wanda aka kama yana da daraja, kamar yadda mai sayen rago ba ya yaba ƙahonsa. Umaru ya karɓi wayar, ya yi ta rantsuwa cewa yaron malamin makaranta ne, maraya, ko babur ba shi da shi. Su kuma adadin da ya faɗa da lasifika suke maimaita masa, ba ragi.

Aka sayar da gonar marigayi, aka sayar da filin Hajjo, ta ci bashin ƙungiyar malamai. Aka kai kuɗin, da man fetur da katin waya kamar yadda suka ce. Suka karɓa suka ce wannan kuɗin abincinsa ne, a kawo na Turawa.

Ihsan ta rubuta wa gidauniyar. Amsa ta zo da ladabi. Sun girgiza da jin labarin, suna tare da iyalin, za su jinkirta masa rajista zuwa rana kaza, bayan nan ƙa'ida ta ce gurbin ya koma kan wanda ke jira. Ranar ta zo ta wuce. Saƙo na biyu ya fi na farko gajarta.

Umaru ya shigo gidan da sauri kamar mai albishir.

"Hajjo, wanga saƙo shi ne makaminmu. In suka san babu kuɗin, za su sauko. Ni ba su yarda da ni ba, sun ce ni na ɓoye. Uwarsa suke so su ji."

"Mi zan ce masu?"

"Gaskiya. An janye, an ba wani. Amma kada muryarki ta yi rawa. In suka ji kin damu, duk wahalarmu ta tashi a banza." Ya ƙara da cewa, "Ke ai kin iya. Tun haihuwarsa kike yi."

Bayan azahar suka kira. Umaru ya miƙa mata wayar ya tsuguna kusa da ita. Mai maganar yana tauna wani abu.

"Ke ce uwar Lawwali?"

"Ni na haihe shi."

"To ina kuɗin Turawa?"

Ta yi masa bayani kamar a aji, dalla-dalla. Ba kuɗi ba ne da ake danƙa wa mutum a hannu. Makaranta ake biya. Sai ɗalibi ya je da ƙafarsa. Wanda bai je ba a kan lokaci, an cire shi.

"Yanzu an janye, an ba wani. Ko kwabo ba zai zo da sunansa ba."

Taunar ta tsaya.

"Hajiya, ɗanki ne fa. Ba ki son shi?"

Umaru ya ɗora yatsa a leɓe.

"Ina da wasu," ta ce.

Mutumin ya yi dariya, ba da ita ba, da wani na kusa da shi. "Ka ji ko, ɗan boko? Yi mata magana."

"Malama, ina wuni."

Sai a nan ta gane wayar a buɗe take tun farko, Lawwali yana jin duk abin da ta faɗa. Muryar ta siranta, amma tasa ce.

"Lahiya."

"Da gaske an ba wani?"

"An ba wani."

"To."

Sunan yana bakinta. Ta buɗe baki, Umaru ya girgiza kai da ƙarfi, ya kama gefen hijabinta. Ta rufe. Aka katse.

"Kin yi daidai," in ji Umaru. "Gobe za ki ji sun sauko."

Gobe ba su kira ba. Jibi wayar a kashe take. Haka aka yanke gero, aka fara yankan dawa.

Wani manomi daga Mada, sunansa Labbo, shi ya zo da ƙarshen labarin. Tare aka tsare su, danginsa suka fanshe shi. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan. Ya zauna a zaure da Umaru, Hajjo ta tsaya bakin ƙofa.

Ya ce ƙafafun Lawwali sun kumbura saboda sarƙa, ba ya iya tafiya mai nisa. Duk lokacin da za a sauya sansani, a babur ake ɗaukarsa, sauran kuma a ƙasa, don shi ne mai tsada. Washegarin wayar aka ce a tashi. Ya nufi babur kamar kullum, ogan ya ce ba sauran mai da za a ƙona a kansa. Ya yi ƙoƙari, ya bi su har bakin wani rafi. Can ya zauna, can aka harbe shi. Labbo da wani suka roƙa aka bar su suka haƙa rami da itace, suka yi masa salla su biyu.

Umaru ya rufe fuska da babbar riga. Hajjo ta ce, "Malam Labbo, bayan wayar ya ce wani abu?"

"Bai ce ba."

"Ya gane dabara ce?"

Labbo ya juyo gare ta.

"Hajiya, ni ban san cikinsa ba. Abincinsa na ranar dai ni ya ba."

Aka yi masa sallar gawar da ba ta nan a ƙofar gida. Aka ɗauko Inna Mairo daga 'Yankuzo, ta zauna a tsakar gida tana kuka tana kiran sunansa yadda take so, mata suna yi mata gaisuwa, don ɗanta ne. In sun gama su juyo ga Hajjo su ce Allah ya ba da haƙuri, su fita suna yaba dauriyarta. Wata ta ce irin matan da ke nan, ko hawaye ba ka gani.

Kayansa ba su da yawa. Liman ya zo ya raba. Ihsan ta samu kwamfutar. 'Yan'uwansa maza suka yarda a kai littattafan makarantar Bunguɗu, tufafin kuma aka yi sadaka da su. Inna Mairo ta roƙi takalman gwanjon, waɗanda bai taɓa takawa ba, ta tafi da su a ƙulle cikin zane. Yajin da kukar da daddawar aka kwance aka yi ta miya da su a gidan har suka ƙare. Hajjo ta ce a sa mata akwatin da rigar sanyin a cikin rabonta. Aka sa.

Gidauniyar ta bar Bashir ya shiga zango na gaba. Ana saura kwana kaɗan ya tashi ya zo sallama, don ba a tafiya ba a sallami manya ba. Ya durƙusa a tsakar gida, daidai inda aka gwada rigar.

"Mama, wallahi ban roƙa ba."

"Na sani, Bashir. Ka sayi rigar sanyi?"

"Ban saya ba."

"Akwati fa?"

"Akwai jakar Babanmu ta Hajji."

Ta ce wa Ihsan ta fito da su. Ihsan ta jawo akwatin, rigar na ciki a ninke, ta ajiye ta koma ɗaki ta rufe ƙofa. Bashir ya dubi farin rubutun.

"Mama, a bar shi haka. Zan tafi da shi haka."

"Za a rikita maka kaya a filin jirgi."

Ta ɗauko kananzir da tsumma, ta zauna a kan tabarma. Ba ta taɓa kalmar Gusau ba, don Bashir ma ɗan Gusau ne. Ta fara da sunan mahaifin, ta goge. Sannan ta koma na farkon, harafi bayan harafi. Fentin ya kama sosai, sai da ta sa farce a wasu wuraren. Da ta gama ta wanke wurin da sabulu don kada warin ya shiga kaya.

Akwai sauran fenti a gwangwanin, ya yi kauri, ta tsinka shi ta miƙa masa da buroshin. Bashir ya rubuta nasa sunan da hannunsa, haruffan suna hawa suna sauka. Suka zauna har ya bushe. Ta ce, "Bashir, Allah ya tsare." Ya ce amin, ya ja akwatin ya fita ta zaure.